Tambayi Injiniya: Ƙarafan da ke rataye a wayar wuta, ƙwallon Taiwan da gadar da ta yi rawa

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon da na zauna na tace su sai na ga guda biyar duk magana ɗaya suke yi ko da yake masu su ba su san juna ba, wato girgiza, da yadda ake kashe ta a jikin gini ko gada ko inji. Shi ya sa na haɗa su wuri guda. Waɗanda suka turo tambaya kan rijiyar burtsatse ku ƙara haƙuri, tana nan tafe.

Tambaya ta farko, daga wani direba da ke bin hanyar Kaduna zuwa Kano: Injiniya barka da aiki. Kullum in ina tuƙi ina ganin wasu ƙarafa ƙanana a rataye jikin manyan wayoyin wuta kusa da turakun nan na ƙarfe, kamar ƙarfen da 'yan motsa jiki ke ɗagawa. Yaron motata ya ce maganin tsawa ne, wani kuma ya ce min mita ce. Mene ne gaskiya?

Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Ba maganin tsawa ba ne kuma ba mita ba ce, maganin tsawa ita ce siririyar wayar nan da ke can ƙololuwar turken sama da sauran. Abin da kake gani damfa ne, aikinsa shanye girgizar waya, kuma ana kiransa da sunan wanda ya ƙirƙiro shi, George Stockbridge, injiniya a kamfanin wutar Southern California Edison a Amurka, wanda ya samu takardar mallakar fasahar a 1928.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne ba guguwa ce ke cin waya ba, iska ce mai sanyi wadda ke kaɗawa a hankali ba tsayawa, irin ta hunturu a fili. In ta ratsa waya sai ta riƙa barin 'yan ƙananan guguwoyi a bayanta, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, sai wayar ta kama karkarwa kamar tsirkiyar garaya. Motsin ɗan kaɗan ne, sau da yawa bai wuce kaurin wayar ba, ido ba ya ma gani daga ƙasa, amma yana iya kaiwa sau goma, sau hamsin, har sama da sau ɗari a sakan ɗaya. To ka tuna yadda kake yi in kana son ka tsinka wayar ɗaurin rodi ba ka da filaya, lanƙwasa ta kake yi gaba da baya, gaba da baya, har ta yi zafi ta karye. Haka silin alminiyon ke karyewa ɗaya bayan ɗaya daidai inda aka damƙe wayar a jikin turke, don nan ne ba ta da damar motsi.

Shi wannan ƙarfen, nauyi ne guda biyu a bakin wani guntun igiyar ƙarfe mai sili-sili. In waya ta fara karkarwa sai nauyin nan biyu su ma su kama rawa, guntun igiyar ya riƙa lanƙwashewa, silinta suna goga juna, gogayyar nan ta mayar da ƙarfin girgizar ya zama ɗan zafi iska ta kwashe. Shi kenan aikin. Babu batir, babu inji, babu mai kunnawa. Shi ya sa kake ganinsu dab da turke, wurin da ciwon yake. Manyan ƙwallaye masu launin ja ko ruwan lemo da ake sawa a tsakiyar waya kuwa daban ne, su don matuƙan jirgin sama ne su hango waya.

Tambaya ta biyu, daga wata ɗaliba mai karatun kimiyya a Zariya: Malam na ga bidiyo a TikTok na wani ƙaton ƙwallo mai ruwan zinare yana lilo a cikin wani dogon bene a Taiwan lokacin guguwa, mutane na tsaye suna kallo. Wai don Allah ta yaya ƙara wa gini nauyi a sama zai hana shi kaɗawa? Ni a tunanina ma sai dai ya ƙara masa.

Ƙanwata tambayarki ta yi min daɗi wallahi, don tunanin naki shi ne na farko da ke zuwa wa duk mai hankali, kuma da a ce ɗaure ƙwallon aka yi tamau a jikin ginin da kin yi gaskiya. Sirrin shi ne ba a ɗaure yake ba, a rataye yake.

Ginin shi ne Taipei 101, tsawonsa mita 508, an kammala shi a 2004 kuma shi ne mafi tsawo a duniya har sai da Burj Khalifa na Dubai ya zo ya karɓe. Taiwan ƙasa ce da ke shan guguwar teku duk shekara ga kuma girgizar ƙasa. Ƙwallon nauyinsa tan 660, faɗinsa mita 5.5, kuma ba zubi ɗaya aka yi masa ba, faranti 41 ne na ƙarfe aka jera aka yi musu walda a can sama, don babu injin ɗaga kaya da zai ɗaga shi a dunƙule. An rataye shi da igiyoyin ƙarfe daga hawa na 92, yana reto a wajen hawa na 87 zuwa 88.

Bari mu fara daga lilo. Kin san in yaro na kan lilo ba ƙarfin turi ne ke kai shi sama ba, lokacin turin ne. Ki tura shi kaɗan kaɗan amma daidai lokacin da ya dawo, yanzu sai ki ga ya yi sama. Ki tura shi a lokacin da bai dace ba sai ki tsayar da shi. Kowane abu a duniya yana da nasa takun na kaɗawa, lilo mai doguwar igiya a hankali yake zuwa ya dawo, mai gajeriya da sauri. Dogon bene ma haka, shi wannan na Taipei yakan ɗauki kusan sakan 7 kafin ya je ya dawo. Haɗarin shi ne in turin iska ya zo daidai da takun ginin, kiɗa ya dace da rawa kenan, kowane turi sai ya ɗoru kan na baya.

Sai injiniyoyi suka auna tsawon igiyoyin ƙwallon yadda nasa takun zai zo kusan daidai da na ginin. Da gini ya fara motsi sai ƙwallon ya karɓi rawar, amma a makare yake binsa, gini ya tafi gabas shi yana baya yana jan sa, kafin ya iso gini ya juyo. Kullum jan da yake yi yana adawa da tafiyar ginin. Ƙarfin da iska ta zuba wa gini sai ya koma jikin ƙwallon, shi ya yi ta reto da yawa gini na motsi kaɗan.

Amma nan fa rabin labarin ne, kuma ɗaya rabin shi ne mutane ba sa lura da shi a bidiyo saboda ƙyallin zinaren ya ɗauke musu ido. Ki sake kallo, ki duba ƙarƙashin ƙwallon, za ki ga wasu manyan bututu a karkace sun tokare shi ta kowane gefe. Waɗannan shokozoba ne, irin na mota sak, girma ne kawai ya bambanta. A cikin kowanne akwai mai mai kauri da fistin, in ƙwallo ya motsa sai fistin ya matsa man ya bi ta 'yan ƙananan ramuka da ƙyar, man ya ɗau zafi. Ba don su ba da ƙwallon zai karɓi ƙarfin ne ya sake mayar wa ginin, kamar bashi. Su ne ke cinye shi. Da wannan ake rage kaɗawar ginin har kusan kashi 40 cikin 100. A ranar 8 ga Agustan 2015 da guguwar Soudelor ta afka wa Taiwan ƙwallon ya yi reto na kusan mita ɗaya, wataƙila ma bidiyon ranar kika gani.

Wani abu kuma da ya kamata ki sani, ba wai in babu ƙwallon ginin zai faɗi ba ne a iskar yau da kullum, ginshiƙansa ke riƙe da shi. Babban dalilin shi ne mutanen ciki, wanda ke ofis a hawa na 80 in ƙasa na tafiya da shi sai jiri da tashin zuciya su kama shi kamar wanda ya shiga kwalekwale. Dabarar ma ta girmi dogayen benaye, wani Bajamushe Hermann Frahm ne ya nemi mallakarta tun 1909, shi damuwarsa jiragen ruwa ce da injuna. Wasu gine-ginen ma ruwa suke sawa maimakon ƙarfe, kamar Comcast Center a Filadelfiya da ke da ƙaton tanki a samansa, ruwan na kai kawo a ciki yana yin aikin da ƙwallon ke yi. Abin da ni ya fi burge ni a duk wannan shi ne ba ya buƙatar wuta. Akwai wasu na'urorin da kwamfuta ke sarrafawa da inji mai tura nauyin, suna da kyau, amma lokacin da aka fi buƙatarsu, tsakiyar guguwa ko girgizar ƙasa, shi ne lokacin da wuta ta fi saurin ɗaukewa. Mu da muka san ɗauke wuta ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Tambaya ta uku, daga wani ɗan kasuwa: Injiniya akwai gadar ƙafa ta ƙarfe da nake hawa kullum in zan tsallaka titi zuwa shago, in mutane sun yi yawa ko tirela ta wuce ta ƙasa sai in ji tana rawa a ƙafata. Faɗuwa za ta yi ne?

Alhaji ba zan iya yanke maka hukunci kan gadar da ban gani ba, amma zan gaya maka abin dubawa. Ɗan motsi a gadar ƙarfe ba laifi ba ne, ƙarfe yana lanƙwashewa ya dawo, haka aka yi shi. Abin tsoro shi ne tsatsa da ta ci gindin ginshiƙi, noti da suka kwance ko aka sace, walda da ta tsage, faranti da ya rube har kana hango titi ta ƙasa, ko kuma rawar da ka lura tana ƙaruwa wata bayan wata. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan ku haɗu da 'yan kasuwar ku kai ƙara a rubuce ga hukumar ayyuka da ke da alhakin titin, da hotuna, kar ku tsaya maganar baki.

Gada tana iya zama da ƙarfi sosai kuma ta yi rawar da ba za ta hawu ba, kuma ya faru a tsakiyar Landan. Gadar Millennium, ta masu tafiya a ƙafa a kan kogin Thames, an buɗe ta ranar 10 ga Yunin 2000, mutane kusan 90,000 suka tsallaka a ranar, a wasu lokutan kusan 2,000 a kanta lokaci guda. Sai ta fara kaɗawa gefe da gefe, har kusan santimita 7, mutane na kama ƙarfen gefe. Bayan kwana biyu aka rufe ta.

Da kamfanin Arup da ya yi lissafinta ya zauna bincike, sai ga abin da ya fito. Mutum in yana tafiya ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yana ɗan tura ƙasa hagu da dama, zagaye ɗaya kusan kowane sakan. A kan titi wannan ba komai ba ne. Amma takun gadar na gefe da gefe ya zo kusa da wannan, kuma da ta ɗan motsa sai kowa ya buɗe ƙafa yana gyara taku don kar ya faɗi, gyaran takun nan kuwa ƙara tura gadar yake yi, ita kuma ta ƙara motsi, su kuma su ƙara gyarawa. Ba wanda ya shirya, jiki ne kawai ke kare kansa. Da suka gwada da ma'aikatansu suna ƙara mutane kaɗan kaɗan, gada lafiya lau har sai da aka kai mutum 160 da 'yan kai, nan take rawa ta tashi. Tsohuwar matsala ce ta wata fuskar, tun 1831 wata gada a Broughton kusa da Manchester ta karye a ƙarƙashin sojoji masu maci, daga nan aka riƙa umartar soja su warware taku in za su hau gada.

Hanya biyu ce a gaban injiniyoyin gadar Millennium. Ko su ƙara wa gadar tauri sosai har takunta ya wuce na ɗan Adam, wanda zai ci ƙarfe mai yawa ya ɓata siffarta, ko su bar ta yadda take su sa mata abin shanye girgiza. Suka zaɓi na biyu, shokozoba 37 masu mai don motsin gefe, da nauyi 52 a kan sifirin, ƙannen ƙwallon Taipei kenan, a ɓoye ƙarƙashin daɓen don motsin sama da ƙasa. Ya ci fam miliyan 5, aka sake buɗe ta a Fabrairun 2002 kuma rawar ba ta dawo ba.

Sai dai kar a ɗauka da an sa damfa an gama. Gadar Tacoma a Amurka, wadda iska mai gudun kusan kilomita 65 a awa ta murɗa har ta faɗa ruwa ranar 7 ga Nuwamban 1940, wata huɗu kacal da buɗe ta, an sa mata wasu shokozoba masu mai tun farko, amma robobin da ke riƙe man sun lalace lokacin da aka yi wa ƙarfen feshin yashi kafin fenti, ba su yi aiki ba. Asalin ciwonta siffar daɓenta ne da yadda iska ke kama shi, ba na ce su kaɗai za su cece ta ba, amma duk makanike ya san shokozobar da ta zubar da manta, sunanta kawai shokozoba.

Tambaya ta huɗu, daga wani ma'aikaci a Abuja: Tun motsin ƙasar da aka yi a Mpape a 2018 hankalina bai kwanta ba. Na ji a Japan kan roba suke ɗora gini. Zan fara gina gida mai ɗaki huɗu, in nemi irin wannan?

Gaskiya ne ana yi, ranka ya daɗe. Ana yanke alaƙar gini da ƙasa, a ɗora shi kan wasu matasai da aka yi da roba da farantin ƙarfe an jera su hawa-hawa, a tsakiya kuma a cusa sandar dalma. Robar na barin ƙasa ta yi ta fizga a ƙarƙashi gini na binta a hankali, dalmar kuma tana lanƙwashewa tana shanye ƙarfin. Bill Robinson ne ya ƙirƙiro shi a New Zealand a shekarun 1970, yanzu Japan da Turkiyya suna sa shi sosai musamman a asibitoci, don asibiti ne wurin da dole ya ci gaba da aiki bayan girgizar ƙasa. Kamar gammo ne tsakanin kai da tulu.

Amma shawarata kar ka kashe kuɗinka a nan. Abin da aka ji a Mpape, da wanda aka ji a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, ƙananan motsi ne in aka kwatanta da na waɗancan ƙasashen, kuma gidajen da ke rushewa a ƙasar nan akasari ba ƙasa ce ke girgiza su ba, rodi ne aka rage, siminti aka yi wa rowa, bulo ana murza shi da hannu yana zuba, ko a ɗora hawa uku kan tushen hawa ɗaya. Ka sa a gwada ƙasar filin, ka ɗauki injiniya mai rajistar COREN, wato hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ya zana maka kuma ya riƙa zuwa yana dubawa ranar zuba kankare, a ɗaure ginin da bim a sama da ƙasa. Kuɗin robar ka zuba su a nan.

Tambaya ta biyar, daga wata uwargida mai injin markaɗe a Katsina: Injiniya injina yana jingine da bangon ɗakin surukata, in na tayar da shi har kwanukan jerenta ƙara suke yi, bango ma ya fara tsagewa. Na sa masa tsohuwar taya a ƙasa amma bai daina ba. Yaya zan yi?

Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a sana'a. Tunanin tayar daidai ne, irin dabarar da na gama bayani a sama ce, sai dai akwai abubuwan da ke hana ta aiki kuma ina zargin sun haɗu a wurinki.

Fara da injin kansa kafin ƙasa. Ki kira mai gyara ya duba ko fulin ya karkace, ko fulin inji da na markaɗen ba sa kan layi ɗaya, ko bel ya saki, ko boris ya ci, ko notin da ke riƙe inji a kan firam sun kwance. Injin da ke da lafiya gurnani yake yi, wanda ke tsalle akwai abin da ya goce a cikinsa, kuma gyaran nan sau da yawa shi kaɗai yana rage rabin matsalar.

Sai ki raba shi da bangon kwata-kwata. Ko kan katifa kika ɗora shi, in dai firam ɗin na taɓa bango, ko akwai wani katako ko ƙarfe da aka tokare shi da shi, girgizar ta nan za ta bi ta bar tayar a zaune. Ki matsar da shi ko da taku biyu ne, in da hali ma ɗaya gefen tsakar gidan.

In kina da ɗan abin hannu, a haƙa masa nasa gurbin a zuba dunƙulen kankare mai nauyi, wanda ya ninka nauyin injin kamar sau uku ko fiye, kuma kar a haɗe shi da daɓen gidan, a bar tazarar yatsu biyu zagaye a cika da yashi ko soso. A kan dunƙulen sai a sa robar, a ɗaure firam ɗin a kai. Robar kuma ta zama mai laushi wadda za ki ga ta ɗan lotsa in an ɗora injin, don tayar babbar mota da ta bushe ta yi tauri kusan duk girgizar take wucewa da ita. Masu kayan gyaran mota suna da robar da ake ɗora injin mota a kai, guda huɗu a kusurwa huɗu sun fi taya nesa ba kusa ba. Za ki lura lokacin tayarwa da lokacin kashewa injin zai ɗan yi rawa sosai na sakan biyu sannan ya daidaita, wannan ba matsala ba ce, yana ratsawa ne ta daidai takun robar.

Tsagewar bangon kuma kar a shafe ta da siminti tukuna. Ki ja layi da biro a ƙarshen tsagar ki rubuta kwanan wata, ki manna ɗan siminti ko guntun gilashi a kan tsagar a wuri biyu. Bayan an matsar da injin ki duba duk sati har wata guda. In tsagar ta wuce layin ko abin da kika manna ya fashe, to ba injin kaɗai ba ne, tushen ɗakin na motsi, sai a fitar da Mama daga ɗakin a kira injiniya ya gani da idonsa kafin damina.